Filin Makaɗa: Amfilifaya Ɗaya Za Ta Iya Ɗaukar Kowane Irin Kiɗa?

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan amfilifayar jita suka tsaya, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Ta farkon ta fi cin wuri, domin amsarta ta shafi sauran.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina kaɗa jita a ƙungiya ta mutum biyar: ganguna, bes, fiyano, mawaƙiya, sai ni. Matsalarmu ita ce ba kiɗa ɗaya muke yi ba. A dare guda sai mu fara da hailaif, mu shiga sukus, mu taɓa rege, in matasa suka cika wurin a ce sai mun yi rok mai nauyi. A gida kuma jaz nake koyo. Amfilifayata ƙarama ce, wat 15 da lasifika mai inci 8, da mai ganga ya ɗaga hannu sai ta ɓace. Guda ɗaya tak nake so in saya wadda za ta yi mini duka. Wani ya ce in sayi ta kamfanin Fender, wani ya ce ta Marshall, wani ya ce in rabu da su in sayi ta dijital. Wa zan bi? (Daga mai jita a ƙungiyar mutum biyar)

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Cikin mutum ukun nan babu wanda ya yi maka ƙarya, sai dai kowannensu kiɗansa ya duba, bai duba naka ba. Mu ƙirga naka. Hailaif, sukus, rege, jaz, huɗu ke nan, kuma duk huɗun tatacciyar murya suke so, wadda kowace waya ke fita garau. Rok ne kaɗai ke neman gurnani, wato kaushin da sautin jita ke yi in an matsa wa amfilifaya. To mutumin da huɗu cikin biyar na aikinsa tataccen sauti ne, da me zai fara auna amfilifaya? Da tsaftar muryarta a daidai ƙarar da ƙungiyarsa ke kiɗa, wato a gefen mai ganga lokacin da ya ɗauki zafi.

Na nace a kan wannan ne saboda gurnani ana iya ƙara shi, tsafta kuwa ba a ƙara ta. Amfilifaya mai tatacciyar murya, ka ajiye mata feda ɗaya a gaba, wato ƙaramin akwatin da ake takawa da ƙafa ya canja sautin jita, ta yi maka rok. Wadda ta fara dishewa tun ba a je ko'ina ba, babu fedar da za ta wanke mata maƙogwaro. Farin yadi yana karɓar kowane rini, baƙi kuwa ba ya komawa fari.

Ga yadda abin yake a ciki. Kowace amfilifaya tana da iyakar wutar da take iya tura wa lasifika. Muddin siginar jita ba ta kai wannan iyaka ba, abin da ya shiga shi ke fita, girma kawai ya ƙara. Da ta kai, sai a datse kan igiyar sautin sama da ƙasa. Datsewar nan ita kunne ke ji a matsayin dishi-dishi, in ta yi yawa ta zama gurnani. Ratar da ke tsakanin ƙarar da kake kiɗa da wannan iyaka, ita kake saya da kuɗinka. Mai sukus ya fi kowa buƙatarta, don yana kiɗa ne inda sautuka suka sirance, waya biyu-biyu da sauri, ga eko yana maimaita masa kowane duka. Da datti ya shiga, sai komai ya cakuɗe. Mai rege ma haka, dukansa gajere ne mai kaifi, kuma farkon dukan yana cin wuta ninkin-ba-ninkin abin da ke biyo bayansa.

Kada ka ɗauka wat ne kaɗai ke ba da wannan rata. Idan ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarar sauti. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Ka ga ke nan mai wat 100 ba ta ninka mai wat 50 a ƙara ba, ɗan gaba kaɗan take. Inda mutane ke mantawa shi ne lasifika. Kowace lasifika tana da ma'aunin ƙarar da take bayarwa in an ba ta wat ɗaya, a tazarar mita ɗaya. Celestion Vintage 30, mai inci 12, desibel 100 take bayarwa. Wadda ke ba da 97, sai an ninka mata wuta kafin ta kamo ta. Wannan na cikin abin da ya sa Vox AC30, mai wat 30 kacal, ta yi suna wajen cika ɗaki. Taka kuwa, ina zargin lasifikar inci 8 ɗin nan fiye da wat 15 ɗin. Ba ta tura iskar da za ta ratsa ganguna, kuma wayar jita mafi kauri tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, abin da ƙaramar lasifika a ƙaramin akwati ke fama kafin ta fitar da shi da nauyinsa.

Maganar Fender da Marshall ma a lasifika rabinta yake. A 1962, da Jim Marshall da abokan aikinsa suka ƙera JTM45 a Landan, tsarin Fender Bassman suka bi kusan waya da waya. Abin da suka canja kaɗan ne, kwalbar farko mai ƙarin ƙarfi (kwalba ita ce ƙwan gilashin da ke ƙarfafa sigina), taransifoma daban, sai lasifikun Celestion masu inci 12 a rufaffen akwati a maimakon Jensen huɗu masu inci 10 a akwatin da bayansa ke buɗe. Daga wannan kaɗan ɗin muryoyi biyu suka rabu, har yau ana musu a kansu. Fender ɗin da aka fi sani, irin Twin Reverb da Deluxe Reverb na 1963, tana da kauri a ƙasa da ƙyalli a sama, tsakiyarta a lotse. Marshall tsakiya take turowa gaba, kuma tana saurin shiga gurnani, musamman daga JCM800 ta 1981 zuwa gaba. Don haka amsar rabin tambayarka ta fito. A kiɗanka, gidan Fender ya fi kusa da kai.

Hanyoyin da ke gabanka uku ne, kuma ba daidai nake ganinsu ba.

Ta farko, amfilifaya mai kwalba, wadda wasu ke cewa mai bawul, da feda biyu ko uku a gabanta. Twin Reverb ita ce sarauniyar tsafta, wat 85, lasifika biyu, kwalabe 6L6 guda huɗu, kafin ta dishe kunnenka ya riga ya gaji. Amma kilo 29 ce. Duk wanda ya taɓa hawa bene da ita bayan an tashi daga wasa ya san abin da nake nufi. Deluxe Reverb ta fi daɗin murya a kunnena, sai dai wat 22 ce, tana fara dishewa tun maɓallin ƙara bai kai rabi ba. A situdiyo alheri ne, a gefen mai ganga mai nauyin hannu kuwa sukus ɗinka zai sha wahala, sai fa in kullum akwai makirfo a gabanta. Tsakanin biyun akwai irin su Hot Rod Deluxe ta Fender, wadda ta fito a 1996, wat 40, lasifika ɗaya mai inci 12, nauyinta bai kai kilo 21 ba. Hanyarta ta gurnani, wato ɓangaren da ke fitar da wannan murya, ba ta taɓa burge ni ba, amma tatacciyar hanyarta tana karɓar feda hannu bibbiyu, shi ya sa za ka same ta a dandamali iri-iri.

A wannan layin dai akwai ta taransisto, marar kwalba, kuma dole a ambaci Roland JC-120 ta 1975. Amfilifaya biyu ce masu wat 60 a akwati ɗaya, kowace da lasifikarta, ga koras da ke sa sauti ya yi faɗi kamar jita biyu ake kaɗawa. Ba ta dishewa sai an matsa mata ƙwarai, ba ta neman canjin kwalba. Sunanta ya ce jaz, amma har James Hetfield na Metallica, wanda kiɗansa ke cikin mafi nauyi a duniya, ya yi amfani da ita a wuraren da yake son tataccen sauti. Aibinta uku ne, nauyi irin na Twin, ɗan shuu da take yi ko ba a kiɗa, sai kuma fedar gurnani mai kaifi tana iya zama kamar zanzaro a cikinta in ba a rage tirebul ba. Tana da ƙanwa, JC-40, mai lasifika biyu masu inci 10, wadda ɗaukarta ya fi sauƙi.

Hanya ta biyu ita ce mai kwalba mai hanyoyi da yawa, wadda ake sauya mata murya da ƙafa. Randall Smith na Mesa/Boogie ne ya buɗe wannan ƙofa a Kalifoniya. Ya fara da cusa ƙarfin Bassman a cikin ƙaramar Princeton ta Fender, daga baya ya jera matakan ƙarfafa sigina ɗaya bayan ɗaya har ana samun gurnani ba tare da an ƙure ƙara ba, a 1978 kuma Mark II ta zo da sauyin hanya da ƙafa. Mark V ta 2009 tana da hanya uku da yanayi tara. Tana iya duk abin da ka lissafa, babu musu. Amma maɓallanta suna taɓa juna, ka murɗa ɗaya sauran su canja hali, kwalabenta suna da yawa, ranar canja su kuwa aljihu zai ji a jikinsa. Wanda rabin kiɗansa rok ne mai nauyi, ita ce tasa. Kai da kake yin rok a ƙarshen dare, za ka biya kuɗin hanyoyin da ba ka shiga.

Ta uku ita ce dijital, wadda ke kwaikwayon muryoyin waɗancan da lissafin kwamfuta. Da Line 6 ta fito da POD a 1998, kwaikwayon yana da sauran aiki. Daga Axe-Fx ta 2006 da Kemper ta 2011 zuwa yau an yi nisa sosai. Boss Katana, tun daga 2016, ta kawo abin cikin akwati ɗaya mara nauyi, da eko da koras da amon ɗaki duk a ciki. Ga mai sauya kiɗa huɗu a dare guda, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ka taka maɓalli ɗaya murya da eko da ƙara su sauya tare. In ita za ka bi, ɗauki mai wat 100, ba don ƙara ba, don ratar da muka yi magana, kuma don mai wat 50 ta asali ba ta da ƙofofin baya da za ka buƙata.

To wa za ka bi? In ni ne kai, zan duba abu biyu, wato wa ke ɗaukar kayan, kuma akwai ƙwararren mai gyara kusa ko babu. In kana da baya mai ƙarfi da mai gyaran da ya san kwalba, nemi mai kwalba mai wat 30 zuwa 50 da lasifika mai inci 12, ka haɗa ta da fedar gurnani ɗaya da fedar eko ɗaya. In ka rasa ko da ɗaya daga cikin biyun, nemi ta dijital ko taransisto mai wat 100 da inci 12, ka huta. Bambancin lambar ba wai don wat na kwalba ya fi na taransisto girma ba ne, wat wat ne. Kwalba dai in ta kai iyaka a hankali take datse sauti, kunne yana jin daɗinsa, ana iya wuce iyakar kaɗan. Taransisto farat ɗaya take datsewa, da muni, saboda haka dole a ba ta fili yadda ba za ta taɓa kaiwa can ba.

Ko wacce ka zaɓa, leƙa bayanta. Ka nemi ramin makunnin ƙafa, don hannunka ba shi da lokacin murɗa komai tsakanin waƙa da waƙa. Ka nemi ramuka biyu da aka rubuta wa Send da Return. Nan ake sa eko idan gurnanin daga cikin amfilifayar yake fitowa, domin eko ya kamata ya maimaita gurnani, ba gurnani ya tauna eko ba. In da fedar gaba kake samun gurnaninka, wannan bai dame ka ba, jera eko bayan fedar kawai. Sai mafitar da ke zuwa kai tsaye ga miksa, na'urar da ke haɗa sautin kowa, mai kwaikwayon lasifika, ranar da makirfo ya yi ƙaranci za ka gode mata.

Ranar gwaji ka tafi da jitarka da wayar da kake haɗa ta da amfilifaya, kada ka yarda da ta mai sayarwa. Fikof shi ne abin da ke ɗaukar kaɗawar wayoyi a jikin jita. Jita mai fikof siriri da mai fikof tagwaye ba ƙarfinsu ɗaya ba, tagwayen suna tura amfilifaya ta dishe da wuri. Kashe duk wani ado, eko da koras da amon ɗaki, domin su ne kwalliyar da ke ɓoye muni. Ɗaga ƙara zuwa inda kuke kiɗa, ka doki wayoyi shida gaba ɗaya da ƙarfi, sannan ka bi wayar ƙasa kaɗai ka ji ko lasifika tana ɓarɓarwa ko akwati yana rawa. Wanda ya hana ka ɗaga ƙara na minti biyu, bai shirya sayarwa ba.

Tambaya: Malam, abokaina suna cewa sautin dijital roba ne, duk makaɗin gaske kwalba yake amfani da ita. Ina da ta dijital kuma ina jin daɗinta, amma maganarsu ta fara shiga raina. (Daga ɗalibin jita)

Amsa: Ɗana, sa su juya baya ka kaɗa musu biyun ta lasifika ɗaya, ka ga nawa za su canka. A faifai ko ta manyan lasifikun taro, ko tsofaffin hannu suna ruɗewa. Fender da kanta, a 2019, ta fito da jerin Tone Master, Twin Reverb ta dijital a akwati irin na asali, kilo 15 a maimakon 29. Kamfanin da sunansa ya ginu a kan kwalba ba zai yi haka da abin da yake ganin roba ne ba.

Akwai dai gaskiya ɗaya a maganarsu, kuma a yatsa take, ba a kunne ba. Mai kwalba in an ɗaga ta, wutarta tana ɗan nutsewa a farkon duka sannan ta dawo, sai ka ji sautin yana numfashi a hannunka. Ka sassauta duka ta tsabtace, ka matsa ta yi gurnani. Masu kyau cikin na dijital sun kusa kamo wannan, masu arha ba su kamo ba. Mai sauraro bai san da shi ba, mai kiɗa ne ke jinsa.

Ciwon dijital na gaskiya wani ne daban, yawan zaɓi. Ina ganin yara suna kwana suna zagaya muryoyi ɗari, gari ya waye ba su koyi waƙa ɗaya ba. Muryoyin da kamfani ya ajiye a ciki kuma an yi su ne don su burge mutum shi kaɗai a ɗaki, an cika su da bes da amon ɗaki, a cikin ƙungiya sai su narke. Share su. Gina uku da hannunka, tatacciya, mai dishi-dishi, mai gurnani. Daidaita ƙararsu a wurin gwaji tare da sauran makaɗa, ba a gida ba, domin kunne ba ya jin bes da tirebul iri ɗaya a ƙaramar ƙara da babba. Abu ɗaya da zan yarda kwalba ta fi shi ne tsawon rai. Amfilifayar 1965 ana gyara ta yau da kayan da ake samu. Ta dijital in allonta ya mutu bayan kamfani ya daina yin sa, sau da yawa shi ke nan.

Tambaya: Yarona ya nace sai na saya masa kan amfilifaya mai wat 100 da akwati mai lasifika huɗu, irin na mawaƙan rok da yake kallo. A ɗakinsa zai riƙa kiɗa. Ni ban san komai a kai ba. (Daga wani uba)

Amsa: Alhaji, kada ka saya. An ƙirƙiro wannan jibgegen kaya ne a shekarun 1960, lokacin da babu manyan lasifikun taro masu ƙarfi, dole amfilifayar jita ta kai sauti ƙarshen fili da kanta. Yau makirfo ɗaya a gaban ƙaramar amfilifaya yana yin wannan aikin.

A ɗaki kuwa lissafin ya fi ban tsoro. Wat ɗaya tak a lasifika mai kyau yana ba da kusan desibel 100 a tazarar mita ɗaya. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100, minti 15 ke nan. Wannan da wat ɗaya fa, saura 99. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Shi kansa yaron ba zai samu muryar da yake nema ba, don za ta zauna a kan lamba ɗaya kullum, inda irin waɗannan ba su da daɗi.

Saya masa ƙarama ta dijital mai ramin abin sa wa a kunne da maɓallin rage wat. Wasu suna sauka har rabin wat, gurnanin da yake so yana nan cikinsu, maƙwabta kuma ba za su zo ƙofarka ba. In ya yi shekara bai ajiye jitar ba, har ya samu abokan kiɗa, sai a yi maganar mai inci 12.

Tambaya: Malam, ina rera waƙa ina kaɗa jitar katako mai fikof, kwanan nan kuma na sayi ta lantarki. Amfilifaya ɗaya za ta ɗauki jita biyun da muryata? (Daga wata mawaƙiya)

Amsa: Ƙanwata, za ta iya, amma ki fara daga ɓangaren da ya dace. Lasifikar jitar lantarki da gangan aka yi ta gurguwa, daga wajen kaɗawa 5,000 a daƙiƙa zuwa sama tana zubar da sauti. Alheri ne ga gurnani, don duk ƙaiƙayinsa a can sama yake. Amma ƙyallin jitar katako da hasken muryar mutum ma a can suke. Ki sa su a amfilifayar lantarki, sai ki ji kamar daga bayan ƙofa kike waƙa.

Ki juya lissafin. Nemi amfilifayar jitar katako mai hanya biyu, ɗaya ta makirfo ɗaya ta jita, ko lasifikar taro mai wutarta a ciki. Waɗannan suna da ƙaramar lasifikar tirebul, suna fitar da komai yadda yake. Sannan ki sa wa jitar lantarkin ƙaramar fedar dijital mai kwaikwayon amfilifaya da akwatinta. Ki tabbata kwaikwayon akwatin a kunne yake, in ba haka ba gurnanin zai fito da tsiwa mai soka kunne. Akasin haka ma gaskiya ne, in wata rana kika sa fedar a gaban amfilifayar jita ta sosai, ki kashe shi, kada a tace sautin sau biyu.

Tambaya: Na samu amfilifaya mai kwalba ta hannu, kai kaɗai babu akwati. Ina da lasifika biyu masu om 8. Zan iya haɗawa? Kuma zan iya kaɗa bes da ita? (Daga mai son gwaje-gwaje)

Amsa: Ɗan'uwa, kafin komai, kada ka kunna ta babu lasifika a jikinta. Mai kwalba tana da taransifoma a mafitarta, in ka tura mata sigina babu inda wutar za ta je, sai ta dawo ta ƙone shi, kuma yana cikin mafi tsada a duk na'urar. Om shi ne ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta. Lasifika biyu masu om 8, in ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, wato ja da ja, baƙi da baƙi, sun zama om 4. In ka jera su ɗaya ta bi ɗaya, sun zama 16. Duba abin da aka rubuta a bayan kan, ka ba shi daidai lambarsa. Kuma da wayar lasifika za ka haɗa, ba wayar jita ba. Kamarsu ɗaya a ido, amma ta jita siririya ce a ciki, ba a yi ta don ɗaukar wuta ba.

Tunda ta hannu ce, duba ko ta wutar bolt 120 ce ko ta 230 kafin ka soka ta a bango. Kunna ta ka bar ta ta yi zafi na ɗan lokaci, ka saurara. Gunji mai kauri da ba ya tafiya yakan nuna kafasitocin tace wuta sun tsufa. Ƙarar ƙaiƙayi in ka murɗa maɓalli yawanci datti ne, gyaransa da sauƙi. Leƙa manyan kwalaben a wuri mai duhu, ɗan jan haske a tsakiyarsu daidai ne, amma in farantin ƙarfen da ke ciki ya yi jajir kamar garwashi, kashe ta nan take. Kada ka buɗe cikinta da kanka. Kafasitocin nan suna riƙe bolt 400 zuwa sama ko bayan an zare waya, kuma suna kisa.

Bes kuwa, kan ba zai ji komai ba, ai Bassman ma don bes aka fara yin ta kafin masu jita su ƙwace. Lasifikun ne abin tsoro. Wayar bes mafi kauri tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, rabin ta jita, tana sa takardar lasifika ta yi zirga-zirgar da ba a gina ta don ita ba, musamman a akwati mai buɗaɗɗen baya. A hankali cikin ɗaki babu laifi. Da ƙarfi, sai ka nemi akwatin bes.

Tambaya: Amfilifayata wat 60 ce, inci 12, ni kaɗai tana da daɗi ƙwarai. Da mun haɗu sai in daina jin kaina, in ƙara ƙara, mawaƙi ya ce na yi yawa. Sabuwa zan saya? (Daga wanda ya rasa kansa a ƙungiya)

Amsa: Riƙe kuɗinka tukuna, malam. Ina kyautata zaton ka cika bes da tirebul, ka rage na tsakiya, don haka ne ya fi daɗi in kai kaɗai ne. A ƙungiya kuwa ƙasa na mai bes ne da babbar ganga, sama na faifan ƙarfen mai ganga ne. Gidan jita tsakiya ne, kai kuma ka rushe shi da hannunka. Ka sani kuma, a yawancin amfilifayoyi masu tsarin Fender, ko ka tsayar da maɓallai ukun a kan 5, tsakiyar a lotse take tun daga ƙira. Rage bes zuwa 3, kai na tsakiya 7, ka rage wanda aka rubuta wa Gain, domin gurnani in ya yi yawa yana cinye kaifin duka, kaifin nan kuwa shi ke sa a ji ka. Abin da ya sa Tube Screamer ta Ibanez ta daɗe tun 1979 ke nan, tana yanke ƙasa ta turo tsakiya, wajen kaɗawa 700 a daƙiƙa. Kai kaɗai za ka ji kamar ta hanci take magana, cikin ƙungiya kuwa sai ta fito fili.

Sai wurin ajiya. Tirebul daga lasifika mai inci 12 miƙe yake tafiya, ba ya bazuwa. In amfilifayar tana ƙasa kana tsaye a gabanta, gwiwoyinka take yi wa kiɗa, kai kana jin dushi-dushi, mawaƙin da ke can gaba kuma yana shan kaifin gaba ɗaya. Kai da shi duk kuna da gaskiya. Ɗora ta a kan kujera, ko ka jingina ta baya ta kalli kunnenka, Twin Reverb ma da ƙafafun jingina a gefenta take zuwa saboda haka. Juya ta kaɗan daga saitin makirfon mawaƙi. Gwada wannan a haɗuwarku ta gaba, in har yanzu kana ɓacewa, rubuto mini sunan lasifikar da ke ciki da irin jitar da kake riƙewa.